Yadda Turmina Ya Shiga Faifai

Ni dai ban kira su ba. Jikana ne ya kwaso su wata rana da hantsi, ina tsakar gida ina murza ƙuli, shi da abokansa biyu, kowa wando ya zazzago kamar tazuge ya tsinke. Ɗaya ɗan wani mai shagon atamfa ne a Kibiya, ya rungumo kwamfuta a ƙirji kamar jariri. Ɗayan dogo ne daga Madachi, mai in'ina, kafin ya gama ce mini ina kwana man kaskona ya yi zafi.

"Amarya," in ji jikan, don haka yake ce mini, ni kuma in ce masa maigida, wasanmu ne tun yana tsumma. "Ƙuryar ɗakinki muke so ki ara mana."

"Ku yi me da ita?"

"Situdiyo."

"Ci ake ko sha?"

Suka zauna suka yi mini bayani. Wai ƙungiya ce da su, mawaƙa ne, za su haɗa waƙoƙinsu wuri guda su fitar, shi ne albam, faifai ke nan. Irin waƙar kuma sunanta hif-hof. Na ce a ɗan taɓa mini in ji. Da suka taɓa na ce ai wannan gambara ce, zagin mutane da sauri, mun san ta tun ba a haifi iyayenku ba, sai dai masu gambarar da suna ɗaure wandonsu. Ɗan Kibiya ya ce a ɗakin bulo murya tana dukan bango ta dawo, amma ginin ƙasa irin nawa shanye ta yake. Na ce yau kuma talaucina ne ya yi rana.

Abin da ya sa na yarda ba son waƙa ba ne. Uban yaron nan ɗana ne na fari. Direba ne, bas gare shi, Rano zuwa Kano, ya kwashi mutane da buhuna da kaji, ya dawo da yamma. Ya riga ya yanke cewa da an gama shigo da dawa zai haɗa yaron da wani abokinsa mai tirela, ya tafi kudu yaron mota, ko ya bar wannan shirmen na surutu. Wanda ya bi tirela kuwa sai salla ta zo ta wuce ba ka ga ƙeyarsa ba. Ni kuma yaron nan a hannuna ya tashi tun daga yaye. Shi ke kwana a zaurena, shi ke jawo mini ruwa, shi ke cinye mini ƙuli ya rantse ɓera ne. Tun rasuwar Malam, in ba motsinsa ba, gidan nan tsit yake.

Za ka ce, to ke ba uwar direban ba ce? Ki kira shi ki hana mana. 'Yan yanzu ke nan. Ɗan fari ne fa. Tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zama mun yi hira ba. Gwaggonsa ce ta ɗauke shi ta raine shi a Zurgu. In ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ni in amsa ina kallon kaza. A da in akwai magana Malam ne ke kai ta, ko gwaggon, yanzu duk sun kwanta dama. Uwar yaron kuma ba ta da baki a kai, shi ma ɗan farinta ne, in ana zancensa sai ta miƙe ta shige madafa. An ɗaure mu ke nan gaba da baya. Na aiki autata da ke aure a Saji ta je ta faɗa masa. Ya ce a ce wa tsohuwa ya ji. Ya ji ɗin, bai fasa ba.

Na ce to, kafin dawa ta shigo, su yi abinsu a ɗakina. Nan dai ba mai ƙarfin halin ɗaga labule ya fasa musu kwamfuta.

Suka mayar mini da ɗaki kamar na mai taɓin hankali. Katifata aka jingine a ƙofa. Barguna aka kafe a bango da ƙusa. Suka je wajen masu shayi suka kwaso kwalin ƙwai suka liƙe rufin da shi. Ina neman rariyata in tankaɗe garin tuwo, sai na same ta ɗaure a jikin sanda a gaban abin maganar nan, makirufo.

"Maigida, me rariyata take yi a nan?"

"Iskar baki take tarewa, amarya."

"Yawu dai take tarewa. Wallahi sai kun wanke mini ita da sabulu, ba zan ci tuwo da waƙa a ciki ba."

Wuta kuwa batir ne da farantin sola a kan soro. Su shige su rufe ƙofa, ba iska ko ta allura, in sun fito kamar an tsamo su daga rijiya. Ɗan Kibiya shi ne mai hukunci. Ya kifa wasu abubuwa a kunne kamar murfin kwano, in ya leƙo ya ɗaga hannu kowa sai ya ɗauke numfashi. Ni da gidana aka hana ni tari. Injin markaɗen maƙwabta in ya tashi sai a jira. Akuya in ta yi kuka a sake daga farko. Zakarana shi ya fi ba su wahala, kamar turo shi aka yi, maigida na kaiwa tsakiyar baiti sai ya miƙe wuya. Suka kife shi da kwando suka lulluɓa zane. Bai daina ba, sai dai ya koma yi a hankali kamar mai jin kunya.

Ni da na zaci waƙa tsayawa ake a rera a gama. Ashe ɗinki ne. Mutum ɗaya zai shiga ya tsaya gaban rariya, ya yi ta nanata layi guda har ni da ke waje in haddace. Sannan ɗan Kibiya ya yanki nan ya jona can kamar tela. Ya nuna mini muryoyinsu a gilashin kwamfuta, kowacce ta kwanta doguwa da 'yan ƙafafu kamar shanshani. Suna da waƙar ramukan hanya, da ta taki da ba ya zuwa sai an yi girbi, da ta wata yarinya da ta ƙi maigidana, na ce ta yi hankali. Abin da ya ba ni mamaki dogon nan ne. Mutumin da ba ya iya sayen ashana sai an taya shi, da ya fara buga cinya da tafin hannu sai baki ya ɓalle kamar ruwan kwari, ko tuntuɓe babu. Da la'asar in tafi ajin yaƙi da jahilci in bar su, in dawo in tarar suna nan a kan layin da na bari.

Dawa ta fara sunkuyar da kai, saura waƙa ɗaya, ta ƙi. Kiɗan ne bai yi musu ba. Duk wanda ɗan Kibiya ya haɗa sai su ce ya yi kama da na wasu. Suka yi ta faɗa, har maigida ya ce masa ɗan mai atamfa ba ya jin kiɗa sai ƙarar almakashi. Rannan maƙwabciyata ta shigo taya ni surfen gero, muka kama lugude, ita ta saukar ni in ɗaga, in hannu ya yi daɗi in cilla taɓarya sama in tafa in cafe. Sai ga ɗan Kibiya ya fito a fusace da hannu a sama zai hana mu. Ya tsaya. Hannun ya sauka da kansa.

"Inna, don Allah kar ku tsaya."

"Da ma wa ya ce za mu tsaya? Kai za ka surfa mana?"

Ya koma da gudu ya jawo makirufo da igiyarsa har gindin turmi. Bayan mun gama ya tsinci 'yan dukan da suka fi daɗi ya sa su suna ta zagayowa, ya saka wani abu mai gurnani a ƙarƙashi. Da ya kunna, yaran nan suka hau tsalle har kwalin ƙwai ya faɗo. Ni ma ƙafata ta motsa, ba zan ɓoye ba.

A nan ne abin ya faɗo mini. Daka ai ba ta tafiya ba waƙa. Mu a zamaninmu, maganar da ba ki iya faɗa wa uwar miji ko miji, turmi kike faɗa wa. Wanda aka yi dominsa yana jin ta daga bayan katanga, kuma ba shi da ikon cewa da shi kike. Na ce ashe ɗan aike na zaune a ɗakina ina ta neman sa a Saji.

"Ku matsa, zan shiga."

"Ina, amarya?"

"Gaban rariyata."

Suka kifa mini murfin kwanon nan a kan ɗankwali. Na ji turmina yana duka a tsakiyar kaina. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Na sake, sai wani abu kamar kukan ƙofa. Ashe ni ban iya waƙa hannu sake ba. Na ce a miƙo mini taɓarya. Ɗan Kibiya ya ce ƙara za ta shiga, sai maigida ya ajiye mini matashin kai a ƙasa. Haka na tsaya, tsohuwa da ni, ina dakan matashi a ɗaki mai duhu, na ce:

Mai mota, sannu da hanya,
Kwashi buhu, kwashi tunkiya,
Ka bar mini ɗan maraƙina.
Wa ya bar shanun huɗa a Zurgu
Ya bi mai kalangu har Kibiya?
Wa ya dawo ba riga ba hula
Ya ce ɓarayi suka tare shi?
Rigar tana wuyan makaɗi.

Da na cire abin kunnen na ga maigida ya zauna daɓas a ƙasa.

"Amarya, Baba ne? Baba ya ba makaɗi rigarsa?"

"Na ce Baba? Ka ji na kama suna?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, can kuma dariyar ta tsaya. "Kashe ni zai yi."

"Ba ya kashe mijina ina raye. Ba kai kake wanke masa mota ba? Ɗan abin nan da yake sokawa a rediyo yana jin wa'azi, a ciki za ku saka."

Ni lissafina, da safe in yana ɗuma inji shi kaɗai zai kunna, ya ji, ya haɗiye, magana ta isa inda aka aike ta. Ashe ɗan Kibiya, don tsoro, bai sa ta a farko ba, can bayan wani dogon wa'azi ya tura ta. Ranar kuma motar ta cika maƙil da matan unguwarmu masu zuwa sarin kaya Kano. Maƙwabciyar tawa tana ciki, ita ta kawo mini labari ko mayafi ba ta cire ba.

Ta ce sun yi nisa, malamin rediyo ya shafa fatiha, kowa ya ce amin, sai ga turmi. Sai ga murya. Wata daga baya ta ce, "La ilaha, wannan ba mai ƙulin bayan kasuwa ba ce?" Motar ta yi tsit ana saurare. Da aka zo kan riga, wani tsoho mutumin Zurgu da ke gidan gaba ya buga cinya ya ce, "Wallahi an yi haka! Shuɗiya ce, ni na ga makaɗin da ita ranar kasuwa, har ta yi masa gajarta." Mota ta kwashe da dariya har kaji suka firgita. Ta ce direba ya miƙa hannu zai kashe, sai ya janye. Wa zai katse uwarsa tana magana, a gaban jama'a? Haka ya riƙe sitiyari gumi na bin wuyansa har na dire. Aka hau ihu, "Direba a maimaita!" Ya ce rediyon ya lalace.

Ni tsunguli na yi niyya, sai ga shi na tuɓe shi a kasuwa. Na ji tsoro, ba don shi ba, don yaron. Na ce yanzu ko dawar ba zai jira ba.

Bayan la'asar sai ga sallamarsa. Maigida ya shige bayan katifa. Ɗan Kibiya ya tura kwamfuta ƙarƙashin buhun gyaɗa ya zauna a kai, da ya tuna abin da ke ƙasa ya miƙe zumbur. Dogo ne tsautsayi ya ritsa da shi a tsakar gida da buta a hannu. Mai motar ya durƙusa a bakin ƙofa yadda ya saba, ya gaishe ni, na amsa ina kallon kaza. Tsakaninmu bai fi tsawon tabarma ba. Ya ɗaga ido ya ga dogo.

"Kai, zo nan. Ka ce wa tsohuwa, muryar mace mai shekaru a rediyon mota bai dace ba."

Na ji sarai, amma ba da ni aka yi ba, sai an kawo mini. Dogo ya juyo. "W-w-wai, w-wai..." Muka zauna muna jira. Kaza ta zo ta wuce. Gumi ya karyo wa yaron nan, ya dube ni, ya dubi direba, sai ya ajiye buta ya fara buga cinya. Nan take saƙon ya zubo da sauri, a kan kiɗa, har da ƙarin gishiri. Na sunkuyar da kai don kar a ga haƙorana. A nan na ga babban yatsan ƙafar mai motar yana motsi a cikin takalmi.

Na ce, "Ka ce masa ni ban yi da kowa ba, da turmina na yi. Mai mota kuma ba shi kaɗai ba ne a Rano."

Dogo ya buga cinya ya kai.

"Ka ce mata a cire."

"Ka ce masa akwai baiti na biyu, na ranar bikin 'yar sarkin pawa. Ya fi wannan daɗi."

Wannan bai jira an kai masa ba. Ya ce innalillahi, ya cire hula ya goge goshi ya mayar.

"Ka tambaye ta me take so."

"Maraƙina."

Sai ya yi magana mai tsawo, wadda ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba, yana yi yana kallon dogo kamar shi ya haifa. Ya ce yaro ya girma ba sana'a. Ya ce shi kullum yana kan kwalta, Allah kaɗai ya san ranar da ba zai dawo ba, in ya faɗi me yaron zai ci da ƙannensa, surutu? Ya ce shi ma ya so kiɗa, kiɗa bai so shi ba. Dogo ya tsaya da hannu a kan cinya, bai san ta inda zai kama ba. Na ce ya bari, iska ta kawo.

Gaskiya ya faɗa, ko ɗan fari ne. Na ce, "Ka ce masa ya koya wa yaron motar, amma tasa. Ya je Kano ya dawo ya kwana a zaurena. Tirela dai a'a."

"Ka ce mata muryar fa?"

"A cire. Turmi ya zauna."

"Baiti na biyun?"

"Yana nan inda yake, muddin maraƙi yana nan inda yake."

Ya ce shirmen nasu su ƙarasa shi, amma kar ya ji sunan gidanmu a ciki. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa. Har ya kai bakin zaure ya tsaya, ya ce wa bango a hankali, "Ashe ta san zancen rigar."

Na ce wa kaza, "Da ma wa ya aika da ita Zurgu, aka ce gwaggo ce ta ɗinka?"

Bai juyo ba. Ya sa kai ya fita.

Washegari ɗan Kibiya ya yi ta magiya kamar zai yi kuka, wai duk faifan babu kamar wannan, wai har Kano za a san ni. Na ce Kano ta san ƙulina, ya isa. Ya nuna mini nawa shanshanin a gilashi, ya fi na kowa ƙiba. Ni na danna da yatsana ya ɓace. Na ɗan ji wani abu, don na ji kaina sau ɗaya kafin a goge, kuma wallahi muryar ba laifi. Dogo ya zuba nasa baitin a gurbin, a kan turmina. Faifai ya fito bayan an gama sussuka. Masu tura waƙa a tasha suna sa wa mutane a waya, in na wuce sai in ji lugudena yana fitowa daga aljihun wani ƙato.

Dawa ta shigo, mai tirela ya tafi kudu da ɗan wani. Maigida yanzu shi ke rataye a ƙofar bas yana kiran Kano, Kano, muryar ta samu aiki. Da yamma ya dawo yana warin fetur ya zube a tabarmata, ya fara.

"Amarya, don Allah baiti na biyun nan. Ni kaɗai. Ba zan faɗa wa kowa ba."

"Tashi ka jawo ruwa."

Ba rowa nake masa ba. Babu baitin. Har yau ban san abin da mai motar ya yi a bikin 'yar sarkin pawa ba. Na dai san an yi bikin yana saurayi, kuma da na tambayi gwaggonsa yadda aka tashi sai ta kama zancen tsadar gishiri. Shi ya san abin da ya yi, ya kuma ɗauka na sani. A bar shi a haka, tireloli ba su ƙare a hanya ba.